Shin Tottenham ta taɓa cin kofin lig na Ingila?

Malam, ka tambaya ko Tottenham ta taɓa ɗaukar kofin lig, tunda abokanka 'yan Arsenal sun dame ka da tsiya. Ta taɓa, har sau biyu: 1951 da 1961. Na biyun ne abin faɗa.

A kakar 1960/61, Bill Nicholson ne koci, Danny Blanchflower kuma kyaftin. Wasanni 11 na farko duk sun cinye su, ba a doke su ba sai a wasa na 17, a gidan Sheffield Wednesday. Sun gama da maki 66, sun zura ƙwallo 115 a wasanni 42. Kada makin ya yi maka kaɗan, lokacin nasara maki biyu ce kawai. Wednesday ɗin ce ta zo ta biyu, da tazarar maki takwas.

Sai kofin FA. Ranar 6 ga Mayu 1961 suka doke Leicester City 2-0 a Wembley, Bobby Smith da Terry Dyson suka ci. Gaskiya wasan bai yi armashi ba. Ɗan bayan Leicester, Len Chalmers, ya ji rauni tun da wuri, ga shi a zamanin ba a canjin ɗan wasa, haka ya yi ta ɗingishi a fili.

Kafin su, rabon da wata ƙungiya ta haɗa kofunan biyu a kaka ɗaya tun Aston Villa a 1897. Arsenal sai a 1971 ta yi nata, ka tuna musu. Sai dai ka shirya, za su tambaye ka abin da kuka ci a lig tun 1961.