Facebook ya ƙi tallata ta maganin gargajiya, me zan yi?

Malam, ka ce an ƙi tallarka sau uku. Ina zargin kalamanka ne. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ba ta yarda a rubuta "Kana fama da ciwon suga?" ba, domin ka jingina wa mai karatu cuta. Alkawarin warkewa tas ma haramun ne a wurinsu. Ka faɗi abin da kake sayarwa kawai.

Shiga Ads Manager, wato inda ake sarrafa tallace-tallacen Facebook, ka karanta dalilin ƙin tallar, ka gyara rubutun da shafin da tallar ke kaiwa, shi ma suna dubawa. Galibi cikin awa 24 suke amsawa. In ka tabbata kuskurensu ne, nemi a sake dubawa.

Kada ka buɗe sabon asusu don zillewa, za su iya rufe duka. Tallar magani kuma, tuntuɓi NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, tukuna.