Kun Tambaya, Mun Amsa: Wa Ke da Iko da Waƙoƙin Kakannin Mutanen Sami?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa gidajen adana kayan tarihi na arewacin Turai suna mayar wa ƙabilar Sami kayan kakanninsu, har ma ana taƙaita wa jama'a ganin wasu tsofaffin hotunansu. Tun da Turawa sun adana su da kyau shekara da shekaru, me zai hana a zuba su duka a intanet kowa ya amfana? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sami su ne mutanen asali na can ƙuryar arewacin Nowe da Suwidin da Finlan da yankin Kola na Rasha, ƙasar da suke kira Sápmi. An san su da kiwon wata irin babbar barewa mai rassan ƙaho, ko da yake da yawansu masunta ne da manoma, kuma suna da harsuna tara da ake magana da su yau, wasu daga ciki masu jin su ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Kayan da kika ji labari ba iri ɗaya ba ne, saboda haka hukuncinsu ma ba zai zama ɗaya ba.

Mu fara da waƙa. Sami suna da wata rera da ake kira yoik, kuma su kan ce ba a yin yoik a kan mutum, mutumin ake yi. Bahaushe zai fahimci wannan da sauri idan ya tuna da take: da zarar makaɗi ya buga taken wani, kowa ya san wanda ake nufi ko da ba a ambaci sunansa ba, kuma mai taken ne ke tsimuwa. Haka yoik yake, na mai shi ne, ba na mai rerawa ba, kuma ana yi wa dutse ko dabba ko wurin kiwo nasu. Masu wa'azin Kirista sun daɗe suna kiran sa zunubi, har aka kai ga hana shi a wasu makarantu, sai ya ɓace daga bakin iyalai da dama. Tsakanin 1913 da 1915 wani ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan Suwidin mai suna Karl Tirén ya zaga da na'urar ɗaukar murya yana naɗar yoik, kuma wata mace 'yar Sami, Maria Persson daga Arjeplog, ita ta buɗe masa ƙofar mutanenta. Faifan lokacin gwangwani ne na kaki wanda ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintuna, yana fashewa idan ya faɗi, yana yin fumfuna idan ya ji laima, kuma duk sanda allura ta bi ta kansa sai ta ɗan ci layin sautin. Kwafe su zuwa kwamfuta ya zama dole, kuma a nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Sai dai idan jika ya ji yoik ɗin kakansa cikin ƙarar tsohon faifai, kakan ne ya dawo masa, kuma yana da haƙƙin a tambaye shi kafin wani ya yanki muryar ya cusa ta cikin kiɗan talla.

Na biyu shi ne ganguna, waɗanda masu duba na Sami suke amfani da su, an zana alamomi da jan ruwan ɓawon itace a kan fatar. A ƙarni na 17 da na 18 hukuma da coci sun ƙwace su, an ƙona da yawa, kimanin 70 kawai suka tsira, mafi yawansu a gidajen tarihi na nesa. A 1692 aka gurfanar da wani dattijo, Anders Poulsen, a garin Vadsø na Nowe bisa zargin maita. Ya tsaya gaban kotu ya bayyana ma'anar zanen gangarsa ɗaya bayan ɗaya, an rubuta bayanin, sannan wani ya kashe shi da gatari yana tsare kafin a yanke hukunci. Aka kai gangar Kopenhagen, babban birnin Denmak. Tun 1979 tana gidan tarihin Sami na Karasjok a Nowe, amma a matsayin aro, wato masu abu suna aron abinsu, sai a 2022 Denmak ta sakar musu mallakarta. Abin da aka karɓa ta wannan hanya ba za a kira shi ajiya ba, Malama, kuma hoton ganga a intanet ba ya biyan wannan bashi. Finlan ta gane haka a 2021, lokacin da babban gidan tarihinta ya mayar da kaya sama da 2,000 zuwa gidan tarihi na Siida a Inari, Nowe kuma ta yi irin wannan a ƙarƙashin shirin Bååstede, kalmar da ke nufin mayarwa a harshen Sami na kudu.

Hotuna ne suka fi ciwo. A 1922 Suwidin ta kafa cibiyar nazarin jinsin ɗan Adam a Uppsala a ƙarƙashin Herman Lundborg, wanda ya riƙa auna kawunan Sami yana ɗaukar su hoto domin ya jera ƙabilu sama da ƙasa. An tuɓe wasu tsirara, har da yara 'yan makaranta. Dubban hotunan suna nan a ɗakin karatu na jami'ar Uppsala, kuma su kansu Sami ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba: akwai masu son a rufe su, akwai kuma waɗanda a nan kaɗai za su ga fuskar kakarsu. Ni dai a ganina babu wanda ya cancanci ya raba wannan gardama sai zuriyar waɗanda aka ɗauka, domin babu wanda zai yarda a baza tsiraicin mahaifiyarsa da sunan ilimi.

Shi ya sa aikin ya koma hannun ma'ajiyoyin Sami, irin wadda ke Kautokeino a Nowe da wadda aka buɗe a Inari a 2012. Babban aikinsu ba ya ɗaukar ido: zama da dattawa a saurari faifai, a gano wane ne mai muryar da tsohon kati ya rubuta a matsayin "wani Balafe" kawai, sunan da Sami suke ɗauka na raini, a rubuta ainihin sunansa da zuriyarsa da wurin kiwonsu a harshensu. Daga nan ne ake tantance abin da za a sake wa duniya, da wanda sai mai bincike ya nemi izini, da wanda za a bar wa iyali. Yoik da tatsuniyoyi masu yawa sun riga sun fito ta wannan hanya, kuma matasan mawaƙan Sami suna koyon karin da ya ɓace a ƙauyukansu daga faifan Tirén.