Amsar Kawu kan sadakar tafiya

Ɗana na ga saƙonka, wai me ya sa a gidanmu in mutum zai ƙetare teku sai an soya ƙosai an raba sadaka, ya bi ɗaki ɗaki yana neman gafara, har kana tambaya ko bidi'a ce. Na yi dariya amma wallahi abin ya dame ni, ashe ba wanda ya taɓa ba ku labarin jirgin ruwan nan Mendi.

Ina ɗan firamare babban yayanmu ya samu karatu a Ingila, zai bi jirgin ƙasa zuwa Ikko daga nan ya hau Aureol, jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster. Ana ta murna mata na guɗa, sai Baba Soja ƙanin kakanmu ya sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure, ya ce yaron nan ba inda za shi sai ya zauna tukun. Goro na hannunsa har ya gama magana bai ɓara ba. Ya ce shi ma jirgin wannan kamfani na Elder Dempster ya hau a 1916, lokacin yaƙin duniya na farko da aka kwashi sojan Najeriya zuwa Gabashin Afirka yaƙar Jamusawa. Mendi sunansa, jirgin fatauci ne tun 1905 yake jigilar kaya da fasinja tsakanin Liverpool da gaɓar tekunmu, da yaƙi ya yi zafi gwamnatin Ingila ta ɗauke shi haya. Hafsoshi Turawa a ɗakunan sama, su kuwa can ƙasa a ramin da ake loda kaya, ga zafi ga amai, mutum bai san gabas ba balle ya fuskanci alƙibla.

To bayan ya sauke su sai ya ɗebi leburori baƙar fata sama da 800 daga Cape Town za a kai su Faransa, har ya biya ta Ikko aka ɗaura masa bindiga. Da asubahin 21 ga Fabrairun 1917 cikin hazo, kusa da tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, wani ƙaton jirgi Darro, na Ingilan ne fa ba na abokan gaba ba, ya dake shi a gefe. Ko rabin awa bai yi ba ya nutse, mutum 646 suka tafi, Darro ko kwalekwale ɗaya bai sauke ba. Wannan lissafin daga baya na karanta, shi tsoho abin da ya riƙe kawai, ramin da ya kwana nan ruwa ya iske bayin Allah suna barci.

Sai ya dubi yaya ya ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, tashi ka biya bashin da ake bin ka. Haka ya zaga gida har wurin mai shayin bakin titi da ke bin sa sule biyu. Kakarmu kuma tana gaban kasko tana faɗin sadaka maganin masifa.

Ku yanzu sai mutum ya shiga jirgin sama sannan ya turo hoto wai na wuce, ko albarkar uwa bai tsaya ya karɓa ba, wannan yana min ciwo ƙwarai. Zancen bidi'a ka kai wa malaminka, ya fi ni sani. Amma kafin bizarka ta fito ka je ka gaida Gwaggo, ita ta iya ƙosan.