Amfanin ƙa'idar Roy a bakin gadon majinyaci

'Yata, tambayarki ta yi mini daɗi. Kin ce an sa ku haddace ƙa'idar Roy ta aikin jinya saboda jarrabawa, amma tun da kika fara shiga ɗakin marasa lafiya ba ki ga inda take aiki ba, daga allura sai awon zafin jiki sai rubutu a fayil, har kin fara zargin abin na takarda ne kawai. Ba na takarda ba ne. Sai dai idan a allo kawai aka koya miki, ba za ki gane ta ba ko kin ci karo da ita.

Matar da ta kawo ta, Sista Callista Roy, nas ce kamar mu, kuma 'yar zuhudu ce ta cocin Katolika. An haife ta a Los Anjelis ta Amurka a 1939. A ɗakin yara ta yi aiki, nan ta lura da yadda yaro ke farfaɗowa ya saba da sabon hali bayan ciwo ya jijjiga shi. Lokacin da take digiri na biyu a Jami'ar Kalifoniya, wanda ta gama a 1966, malamarta Dorothy Johnson ta ƙalubalance ta da ta fito da tsarin da zai bayyana mene ne ainihin aikin jinya. Ta ɗauki wani abu daga binciken masanin halayyar ɗan Adam Harry Helson, ta fara wallafa tunaninta a 1970, littafinta ya biyo baya a 1976.

Abin da take cewa bai da wuya. Mutum kullum yana cikin daidaita kansa da abin da ke kewaye da shi da abin da ke cikinsa. Jiki na yin nasa ta hanyar jijiyoyi da sinadarai ba tare da an sa shi ba, hankali kuma na yin nasa ta fahimta da koyo da yanke shawara. Idan abin da ya faɗo wa mutum ya fi ƙarfin waɗannan biyun, sai ki ga alamar a wurare huɗu: a jikinsa, a yadda yake kallon kansa, a matsayinsa na gida da sana'a, da kuma tsakaninsa da mutanen da yake dogaro da su. Aikinmu shi ne mu gano abin da ke danne shi, mu rage wanda za mu iya ragewa.

Ɗauki matar da aka kawo da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, irin waɗanda ake kaiwa asibitin Babbar Ruga a Katsina. Likita zai ɗinke, a sa mata robar fitsari ta yi kamar mako biyu, a ce ta sha ruwa da yawa. Ki zo da safe ki tarar jakar fitsarin ba ta cika ba, abin da ke ciki ya yi ja ya yi kauri, kofin ruwanta na nan yadda aka ajiye shi. Sabuwar nas za ta rubuta cewa ba ta bin umarni, ta yi mata faɗa, ta wuce gado na gaba. Wadda ta fahimci Roy za ta ja kujera ta zauna. Matar nan ta yi watanni, wata ma shekaru, tana ƙin shan ruwa da gangan don tsummanta ya rage jiƙewa. Dabara ce da ta rufa mata asiri a gida, yau kuma ita ce za ta toshe robar ta ɓata ɗinkin. Faɗa ba ya cire wannan. Sai kin ɗaga jakar kin nuna mata da idonta cewa fitsarin nan yake tafiya, zaninta a bushe yake, sannan hannunta zai kai ga kofin.

A nan ne rabe-raben da kika haddace suke da amfani. Roy ta kasa abubuwan da ke taɓa majinyaci gida uku. Akwai wanda ke gabansa kai tsaye, a wurin matar nan tiyata da roba. Akwai waɗanda ke gefe suna ƙara wa abin nauyi: jaririn da bai zo da rai ba, kuɗin mota da ya ƙare, ƙunar da fitsari ya yi mata a cinya, wata ma tana jan ƙafa saboda jijiyar da naƙuda ta danne. Sai na uku, wanda kike zato amma ba ki tabbatar ba, misali ko tana ganin sammu aka yi mata, ko ta taɓa shan wulaƙanci a wani asibiti. Wannan na ukun kada ki rubuta shi kamar kin sani. Ki tambaya a hankali, ba a gaban mutane ba, in ta faɗa da bakinta ya tashi daga zato.

Ɓangaren da ɗalibai suka fi tsallakewa shi ne yadda mutum ke kallon kansa, ni kuwa a ganina nan ciwon ya fi zurfi. Ki lura da wadda ke juya fuska ga bango idan ana rabon abinci, ko wadda ta daina salla don tana ganin ba ta da tsarki. Malamai sun yi wa mai irin wannan larura sauƙi, amma ba kowa ya gaya mata ba. Ba ke za ki ba da fatawa ba, ki nemo malamar da za ta yi mata bayani. Ki kuma kusantar da gadonta da na wadda aka cire wa roba ta tashi a bushe. Abin da za su faɗa wa juna da dare ya fi jawabinki shiga.

Sannan ki duba wa ke zaune a tabarma gefen gadon. Sau da yawa uwa ce, mijin bai zo ba. Wa za ta koma wurinsa? An ce ta kaurace wa shimfiɗar aure na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a asibiti ta hanyar tiyata. Idan ita kaɗai kika faɗa wa, kin ɗora mata abin da ba ita ke yanke shi ba. Ki nemi mijin ko waliyyinta ya ji daga bakin likita kafin sallama.

Abu ɗaya nake so ki kiyaye. Wasu na ɗauka taimaka wa mutum ya daidaita da halinsa shi ne a ce masa ya yi haƙuri a tafi. Roy ba haka ta ce ba. A tsarinta hannun nas kan abin da ke danne majinyacin yake sauka, a rage shi, a canza shi, ko a kawar da shi. Gaskiya ne matakanta shida, daga duba hali da sanadinsa zuwa sake auna sakamako, sun yi wa nas ɗaya mai gadaje da yawa tsawo a rubuce, kuma ban ce ki cika takardu ba. Tambayoyin nake so su zauna miki a ka.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan zagayen safe, ki zaɓi mace ɗaya. Ki kawo mini abin da kika gani a wuraren nan huɗu, da abu ɗaya tak da za ki iya canza mata kafin ki tashi daga aiki, mu duba tare.