Abin da wake ke bar wa gona

Ɗana, jiya muna maimai ka tambaye ni me ya sa geron gefen gabas ya yi kore shar, na yamma kuwa ganyensa na ƙasa ya yi ruwan ɗorawa, alhali iri ɗaya ne kuma rana ɗaya muka shuka. Ka manta gabas ɗin nan wake muka yi bara?

Gobe da sassafe ka tono tushen wake guda, a hankali, kada ka fizge. Ka karkaɗe ƙasar. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da saiwa, kamar ƙwayar dawa. Da ina yaro cuta na ɗauke su. Ka fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, to yana aiki, in ya yi kore ko toka-toka, ya gama nasa. Wasu ƙananan halittu ne a ciki, waɗanda ido ba ya gani, malaman gona na ce musu bakteriya. Wake na ba su abincin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, su kuma su zuƙo naitirojin daga iska su ba shi. Iskar nan da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma gero ba ya iya taɓa ta. Shi ne abin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya mai lamba 46.

In naitirojin ya yi wa shuka ƙaranci, sai ta janye na tsohon ganye ta kai wa sabo. Ka ga dalilin da ɗorawar ke farawa daga ƙasa. Ga ƙasarmu ta nan wajen Gumel jigawa ce, rairayi zalla, ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su wanke takin zuwa inda saiwa ba ta kaiwa.

Sai dai kada ka ɗauka waken waliyyi ne. Mu da ke kwashe harawa kakaf mu kai kasuwar Maigatari, saiwa da ɗan ganyen da ya zube kawai muke bar wa gona, su ne in sun ruɓe suke ba gero naitirojin. Shi ya sa nake ciyar da awakina harawar, in dawo da kashinsu da rani. Waken kansa yana son takin supa, wato mai sinadarin fosfaras, tun wajen shuka, in ba haka ba ƙulle-ƙullen ba sa yin yawa.

Geron gefen yamma kuwa, bari a yi ruwa ƙasa ta jiƙa, mu binne masa yuriya kaɗan nesa da gindi. Baɗi wake za mu zuba a wurin.