Insulin ɗin da aka sake daskarar mini

Ka tambaye ni me ya sa muke zuba insulin a ruwan renon ƙwayoyin halitta alhali ba ciwon suga ke damunsu ba. Yaro, da ka tsaya ka duba filas ɗinka maimakon wayarka, da ka ga amsar da idonka.

Insulin na kama makullinsa, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa a fatar ƙwaya, ya tada hanyar PI3K da Akt masu isar da saƙon zuwa ciki, ƙwayar ta ja abinci, ta ƙera furotin, ta yi ƙiba, ta ƙi mutuwa. Rabuwa gida biyu kuwa wani zance ne. Mikrogram 10 da muke sawa a kowace mililita ya ninka abin da ke jinin mutum sau dubbai, har ya kai insulin ɗin na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa, makullin sinadarin girma na IGF-1, kuma yawanci ta nan ƙwayar ke wuce matakin shiri na G1 ta fara kwafar DNA. Tun zamanin Gordon Sato, masanin renon ƙwayoyi, aka gane cewa in ka janye siram, wato ruwan jinin dabba da ake sawa a ruwan reno, sai ka mayar da insulin da transferrin (furotin mai ɗaukar sinadarin ƙarfe) da sinadarin selenium, wato ITS. Yadda ake narka insulin ɗin a ruwa mai ɗan asid kuwa, ban ɓata bakina, ko mai shara a nan ya sani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani ɗan kwangila. Ina renon MCF-10A lokacin, wasu ƙwayoyin nonon mace, waɗanda ba sa yin daɗi in babu insulin. Mutumin ya kawo mini kwalba a cikin kula cike da ƙanƙara, har da rantsuwa. Na karɓa, na sa hannu. Mako na farko ƙwayoyin suka kwanta lafiya, ba su mutu ba, amma filas ɗin da ke cika cikin kwana uku ya kai mako bai rufe ba. Na canza siram. Na wanke inkubeta da hannuna. Na zargi ruwa, na zargi janareta, har na yi wa wani yaro faɗan da bai cancanta ba. Wata uku! Shugaban sashe ya ce a gaban ɗalibai wai hannuna ya tsufa. Ni da na koya masa riƙe fifet!

Direban ɗan kwangilar ne ya fasa kwai daga baya. Motarsu ta lalace a hanyar Legas, kayan suka yi kwanaki cikin rana, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi, sai maigidansa ya jefa komai a firiza ya kawo mini kamar sabo. Insulin furotin ne, zafi na lalata shi, kuma lalataccen kan yi kama da mai kyau a ido. Na ari ɗan kaɗan daga wani lab, cikin kwana huɗu filas ya cika.

Ku na yanzu sai ku ga takarda a jikin kwalba ku gaskata. Je ka shuka rijiyoyi shida na farantin reno, uku da sabon insulin, uku babu, ka ƙirga mini su ranar Alhamis kafin ka taɓa ƙwayoyina.