Kafin ka taɓa kan injin tsohuwar a-kori-kura, zauna ka ji

Jiya ka tambaye ni ina ƙarƙashin mota, shi ya sa ban tanka maka ba. Ka ce an kawo wata tsohuwar a-kori-kura, ba ta ja in an yi mata lodi, tana nishi a hawa, mai ita kuma ba shi da kuɗin sauke inji. Wai me za a yi mata ta ƙara ƙarfi da ɗan abin da ke hannunsa, ko a kankare mata kan inji a sa babbar kafireta kamar yadda ka gani a waya. Da ba ka ambaci kankare kan inji ba, yaro, da na bar ka ka je ka tambayi wayar taka. Amma wannan kalmar ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, har na kasa barci.

Maganar canza filogi da baƙin mai da filta ba zan ɓata bakina a kai ba. In shekara biyu kana wanke mini sifana ba ka san wannan ba, ka koma gida.

Abin da ku yaran yanzu ba ku ganewa shi ne, tsohon inji ƙarfinsa na asali ne ya zube a hanya, kaɗan ta bawul, kaɗan ta ringi, kaɗan ta taimin da ya goce, wato daidaiton lokacin buɗe bawul da ba da wuta. Aikinka ka bi sawu ka tsinto abin da ya zube. Mota ta fito daga kamfani tana ɗaukar lodinta lafiya lau da wannan ƙaramar kafiretar da kake rainawa. To me ya canza? Sai ka auna ka sani. Inji da ɗuminsa, ka cire filogi duka, ka danne totur har ƙasa, ka sa gejin kwamfireshan, wato ma'aunin matsin inji, silinda bayan silinda. A injin fetur irin wannan, in ka ga wata ta faɗo ƙasa da 120 psi a gejin ka fara zargi, kuma tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ta wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokali guda na baƙin mai ta ramin filogi ka sake aunawa. In allura ta tashi, ringi ne. In ta tsaya inda take, bawul ne ko gasket. Aikin minti 20 ne. Ni da na tsallake abin da kunnena ya gaya mini sau ɗaya tak, ga abin da ya same ni.

Lokacin ban daɗe da buɗe garejina ba, jini na tafasa, ina ganin babu injin da ya fi ƙarfina. Wani mutum ya kawo mini Hilux mai inji 22R, lita 2.4, silinda huɗu. Mutum mai fara'a, mai daɗin baki, kafin ya zauna ya kira ni injiniya sau uku. Ya ce ya zaga kanikawa da dama, kowa ya ce a sauke inji, amma an gaya masa ni kaɗai ne zan iya tayar da ita ba tare da an kashe kuɗi ba. Kaina ya kumbura. Na ce ya tayar da ita in ji. Tana tashi na ji wani ƙara-ƙara daga gaban inji, kamar ana jan sarƙa a kan faranti, daƙiƙa biyu ko uku sai ya lafa. Na san wannan ƙarar. 22R ɗin da aka yi daga wajen 1983 sarƙar taimin ɗinsu layi ɗaya ce, abin da ke tallafe da ita kuma na roba ne. In sarƙar ta saki sai ta riƙa dukan robar har ta farfashe, daga nan ta koma cin murfin gaba, wanda na alminiyam ne, bayansa kuma hanyar ruwan inji ce. Na gaya masa da bakina, a gaban yarana biyu, cewa sai an canza sarƙa da robobinta. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, wannan ƙarar shekara guda ke nan tana yi. Ka ba ta ƙarfi tukuna in yi lodi biyu, da kaina zan dawo da ita a canza."

Na yarda. Nan ne wautata, kuma har gobe in na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Na sauke kan injin. Ya ɗan lanƙwashe, don haka dama sai an kankare, amma maimakon in ce a ɗebe iya abin da zai daidaita shi, sai na ce a ƙara ci, don matsi ya ƙaru mota ta yi zafin nama. Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, a wannan injin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, a saman kai yake, sarƙar taimin ce ke haɗa shi da karanshaf, sandar da fistin ke juyawa a ƙasa. Duk abin da ka kankare, ka matso da kamshaf kusa da karanshaf ke nan, sarƙar da dama ta saki ka ƙara mata saki. Na niƙa bawul, na ɗaure, na ɗan tura taimin gaba. Kai, motar ta tashi! Mun fita gwaji tana cin hawa a giya uku, mutumin yana ta dariya yana buga dashbod. Ya ba ni rabin kuɗin aiki, ya ce sauran sai ya dawo canjin sarƙa.

Sati uku ban gan shi ba. Ran da na gan shi, da igiya aka jawo motar, shi kuma ya zo da ƙannensa biyu da wani da ya ce lauya ne, ko da yake har yau ban yarda ba. Na zaro sandar awon mai, sai ga ta fari-fari kamar an dama madara a ciki. Na kwance murfin gaba da hannuna yana rawa. Sarƙa ta yi masa layi biyu, ɗaya ya huda har cikin hanyar ruwa. Na sauke kwanon mai, gutsattsarin roba cike da ragar famfon mai, metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, sun narke sun manne da shi. Inji ya buga, bugun da ba ya tashi.

Na ce, Alhaji, ai na gaya maka maganar sarƙa. Ya dube ni ido cikin ido ya ce wace sarƙa? Wai shi lafiyayyar mota ya kawo, ƙarfi kawai ya ce a ƙara mata, na buɗe inji na lalata. Yarana suka ce sun ji lokacin da na faɗa, aka ce ai yaransa ne, me za su ce? Ba takarda, ba sa hannu. Kuma abin da ya fi ci mini rai, da aka kawo wani tsohon bakanike ya duba, ya ɗora ma'auni a kan injin ya ce an kankare fiye da kima. Gaskiya ya faɗa. Ba ni da bakin magana. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na sayar da injin waldata da babur ɗina na saya masa wani injin, na ɗaura masa kyauta, ragowar kuɗin aikina kuwa ko a mafarki.

Bayan wata biyu yaron motarsa ya biyo ta garejin neman aiki, sun ɓata. Shi ya ba ni labarin cewa kwana shida suna ƙara ruwa a lagireto safe da yamma, allurar zafi tana hawa, ya ce wa maigidan a tsaya a duba, ya ce a rufe dashbod da tsumma a ci gaba, akwai lodi. Ya kuma gaya mini motar an sayar da ita sati guda bayan na sa sabon injin, da riba mai kauri. Wato da guminna aka yi masa gyaran da ya ƙi biya tun farko. Na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba.

To, ga abin da za ka yi wa taka, in kwamfireshan ya nuna injin na da sauran rai. Gyara tazarar bawul da filagej, siraran ƙarafan nan na awon tazara, ba da ido ba. A 22R, inji da zafinsa, 0.20 milimita ne na shiga, 0.30 na fita. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufuwa sosai, matsi na gudu ta nan, daga baya ya ƙone. Wannan aikin ko kwabo na kaya ba ya ci, amma ya tayar da motoci da yawa da aka yanke wa hukuncin sauke inji. Sai taimin: ka bi alamar da ke jikin fuli da fitilar taimin, kada ka juya distiributo kana saurare kamar mai neman tashar rediyo. In ka tura shi gaba da yawa za ka ji tana ƙyal-ƙyal a hawa, wannan fistin ne ke shan duka. Ka cire ɗan tiyon da ke zuwa gwangwanin jikin distiributo ka tsotsa, in iska na wucewa sululu robar ciki ta fashe, motar za ta yi nauyi ta kuma sha mai.

Kafireta kuwa wanke ta za ka yi, ka hura jet, ƙananan ramukan da fetur ke bi, da iska. Na kama ka ka zura waya a jet, ranar za ka bar garejin nan. Inji na son iska wajen kashi 14.7 ga kashi 1 na fetur, kai kuma ka buɗe rami ka mai da shi kwata, sai baƙin hayaƙi da filogi mai kama da gawayi. Babbar kafireta a kan gajiyayyen inji haka take ƙarewa: iskar da injin ke ja ba ta da saurin da za ta ɗauki man da kyau, kana taka totur sai ta shaƙe kafin ta tafi. Haka masu yanke salansa su sa ƙaton bututu. Ƙara ce ta ƙaru, su kuma kunnensu ya gaya musu gudu ne. A-kori-kura jan lodi take so daga ƙasa, ba tsere ba. In salansar ta toshe ko ta lotse, wannan daban, a gyara.

Kuma in an cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ka mayar. Ban san wanda ya koya wa mutane wannan ɗabi'ar ba. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, sama da digiri 80, mai yake sha, silinda kuma na saurin ci. In tana zafi, lagireto ne ya toshe ko fanka ko famfon ruwa.

Wani abin ma ba a inji yake ba. Ɗaga ta a jek ka juya kowace taya da hannu, sau nawa na tarar birki ne ke riƙe da mota ana zagin inji. Sa ta a babbar giya a hanya ka taka, in inji ya yi ihu gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓewa. Ka dubi tayoyin ma, don samarin yanzu suna son sa manya-manya wai don kyau, ba su san sun sauya lissafin giya ba, sai mota ta koma kamar kullum a hawa take.

Kan inji kuwa, ba ka da izinin sauke shi sai na gani da idona. Gobe da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, ka tsaya a gabanta ka sa mai ita ya murza makulli, ka kasa kunne a daƙiƙun farko. Duk abin da ka ji ka rubuta a littafin gareji, ka karanta masa, ya sa hannu a ƙasa, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Gejin kwamfireshan na cikin akwatina na ƙasa, ga makullin. Kuma sifana mai lamba 12 da ka ɗauka tun shekaranjiya, ina son ganinta a wurinta kafin in iso.